Yadda ake ɗanɗana sobolo da zaɓar abincin da zai tafi da shi

Tambayar da matan unguwannin Nima da Mamobi da Fadama a Akra suka fi aiko mini, musamman idan azumi ya ƙarato ko an shiga watannin biki, ita ce me ya sa sobolon (wato jiƙon zoɓo) da suka sha wahalar haɗawa yake dawowa kicin rabin kofi rabin kofi. Wasu kuma masu aurar da 'ya'ya ne, suna son jan abin sha na halal da zai zauna a teburin walima da mutuncinsa, ba sai an zubar da kuɗi a kan kwalaben ruwan inabi na kanti ba.

Amsata guda ce. Yawancinmu muna zuba sukari da citta tun ba mu san abin da za a ci ba, kuma ba ma kai shi baki sai an gama komai, lokacin da gyara ya riga ya wuce. Sobolon da zai bi waakye (shinkafa da wake) mai shito (baƙar miyar barkono) daban yake da wanda zai bi cicinga (tsire). Don haka ki fara jiƙa uwar sobolo guda marar sukari, ki ɗanɗana ta da kyau, sannan ki raba ta gwargwadon abincin ranar.

Kayan da za ki tanada

Tukunyar ƙarfe mai sheƙi wadda ba ta tsatsa, rariya, farin ƙyallen tata, ƙaramin sikeli, cokalin shayi, kofunan gilashi guda huɗu marasa zane, farin faranti, ruwan sha, da burodin shayi. Ban da burodin sukari ko na bota, zaƙinsu zai ruɗe miki harshe.

1. Sayen zoɓo

Zoɓo ɗan busasshiyar ƙasa ne. Wanda muke saye a Akra daga arewa yake gangarowa: Bawku da Bolga, Burkina Faso, Nijar, da Jigawa a Najeriya, wadda har Meziko ake kai nata. Na Kurdufan a Sudan ma ya yi suna a duniya. Ana girbe shi bayan ɗaukewar damina, ya bushe a iskar hunturu, saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu ne za ki sami sabo, kuma a lokacin ya fi araha. Idan kina da wurin ajiya, ki saya tun lokacin, kada ki jira sai an ga wata kowa ya afka kasuwa.

A kasuwar Nima, ranar Laraba ce kaya suke cika. Za ki ga iri biyu: mai duhu kamar zai yi baƙi, da ja mai haske. Mai duhun launi yake bayarwa da nauyi a baki, tsaminsa kaɗan. Mai hasken ba ya rina ruwa sosai, amma tsaminsa yana tada mai barci. Mutanen Senegal sun daɗe da sanin wannan, suna haɗa irin da suke kira Vimto mai duhu da Koor mai tsami. Ni kashi biyu na mai duhu nake sawa da kashi ɗaya na mai haske. Ki saye su daban daban ki haɗa da hannunki.

Ki ɗebi kaɗan ki matse a tafin hannu. Mai kyau yana ƙaras-ƙaras, yana karyewa. Ki shinshina, sannan ki tauna ƙwaya ɗaya. Tsamin ya kamata ya zo nan take, tsab.

Hattara: iskar Akra mai laima ce, ba kamar ta arewa ba. Zoɓon da ya kwana damina a buɗaɗɗen buhu yakan yi laushi, ya koma ruwan ƙasa, wani lokaci da farin fumfuna a cikin lungunan furen. Idan kin ji warin rima, ki bar shi ko da kyauta ne. Babu yawan cittar da za ta ɓoye wannan warin. Kuma ki zira hannu har ƙasan kwano, nan yashi da kara suke taruwa.

2. Wanki

Zoɓo a ƙasa ake shanya shi, dole akwai yashi. Ki zuba ruwan sanyi a roba, ki sa zoɓon ki juya da hannu, ki tsame shi sama zuwa wata robar. Sau biyu ya isa, kuma da sauri.

Hattara: tsamewa ake yi, ba a tsiyaye ruwan ta kansa, in ba haka ba yashin ya koma inda ya fito. Kada ki wanke da ruwan ɗumi, kada ki bar shi ya jiƙa, launin da kika biya kuɗinsa ne yake bin kwata.

3. Jiƙa uwar sobolo

Ma'auni mai sauƙin riƙewa: kilo 1 na zoɓo ga jakar ruwan leda guda, wato leda 30, lita 15. Don gwaji a gida, giram 100 ga leda 3. Giram 100 ya kai wajen kofin shayi biyu da rabi, amma sikeli ya fi gaskiya, tunda wani zoɓon manyan furanni ne, wani gutsattsari.

Ki tafasa ruwan, ki sauke daga wuta, ki zuba zoɓon, ki rufe. Bayan minti 40 zuwa awa 1 ki tace da rariya, ki sake tacewa da ƙyalle. Shi ke nan. Na san iyayenmu da yawa suna barin sa ya yi ta tafasa a kan gawayi, amma doguwar tafasa tana mayar da jan ruwan ƙasa, ta kore ƙamshin furen, ta jawo ɗaci. Tukar da ta rage kada ki zubar. Ki sake zuba mata ruwan zafi rabin na farko, za ki sami na biyu marar ƙarfi wanda ya fi ruwa kyau wajen sirki.

Kayan ƙamshi kuwa a wata ƙaramar tukunya za ki dafa su, kowanne da inda za ki iya sarrafa shi. Ɗanyar citta ki niƙa ki tace ruwanta a kwalba. Kanumfari da kimba da prekese (wani busasshen ɗan itace mai ƙamshi, dogo kamar sanda) ki tafasa su tare minti 15 a ruwa leda 2: ga kilo 1 na zoɓo, kanumfari cokali 1 na cin abinci, kimba guda 6, prekese rabin sanda da aka ɗan gasa a wuta. Ɓawon abarba ki wanke shi tas ki dafa shi shi kaɗai. Wannan rabuwar ita ce za ta ba ki damar fitar da sobolo iri uku daga tukunya ɗaya.

Hattara: kada ki jiƙa a tukunyar dalma irin ta dafa tuwon biki. Tsamin zoɓo yana cin dalma, sai ki ji ƙarni-ƙarnin ƙarfe a baki, launin ma ya dushe. Kimba kuma ki fasa ta ki zubar da 'ya'yan, ɓawon ne mai ƙamshi, 'ya'yan ɗaci gare su. Kanumfari idan ya yi yawa harshe yake kashewa, daga nan duk abin da baƙo ya ci ba zai ji daɗinsa ba. Masu jefa kanwa don kashe tsami su ma su daina: tana mayar da shi shuɗi-shuɗi mai duhu, ta bar shi lami, kuma tsamin nan shi ne yake hana shi saurin lalacewa.

4. Ɗanɗanawa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kowa yake tsallakewa. Ki bari uwar ta huce ta yi sanyin randa. Kada ki ɗanɗana da zafi, kada ki ɗanɗana da ƙanƙara. Kada ki yi shi bayan cin goro ko shan ataya ko goge baki da man goge haƙori. Ki ba bakinki rabin awa. Idan kin shafa turare ko an kunna turaren wuta a ɗakin, ki fita tsakar gida.

Ki zuba kashi biyu na uwa da kashi ɗaya na ruwa, kofin ya tsaya ƙasa da rabi.

Fara da ido. Ki karkata kofin a kan farin faranti. Tsakiyarsa ya yi ja mai zurfi, bakinsa ya yi ja mai haske, kuma ki iya ganin inuwar yatsanki ta ciki. Idan bakin ya yi ruwan ƙasa, ko dai zoɓon tsoho ne ko ya sha wuta. Idan ya yi gurɓi-gurɓi, tata ce ba ta yi ba, ki maimaita.

Sai hanci. Ki juya kofin a hankali ki kai hanci. Abin da ake nema ƙamshin 'ya'yan itace ne mai ɗan tsami, irin na tsamiya sabuwar ɓara, da ɗan ƙamshin busasshiyar ciyawa a bayansa. Ƙauri yana nufin ya kama a gindin tukunya. Warin rima daga buhu ya zo. Waɗannan biyun ba su da magani.

Sannan baki. Ki kurɓi kaɗan, ki riƙe, ki zagaya da shi ko'ina kafin ki haɗiye. Abu huɗu za ki lura da su. Tsami: yawu zai taru miki a gefen harshe, kuma yawan yawun shi ne ma'aunin tsamin. Ɓauri: wannan bushewar da dasashi yake yi, irin ta ɗanyar ayaba, kaɗan ana so, don shi ne yake tsayawa da nama. Ɗaci: a can ƙarshen harshe, kuma bai kamata ya fito fili ba. Nauyi: ruwa-ruwa yake ko yana cika baki? Bayan kin haɗiye ki ƙirga a zuci. Mai kyau yana barin ɗanɗanonsa har ki kai goma. Wanda ya ɓace kafin uku ruwa ya yi masa yawa.

Idan tsami ya yi yawa, ki ƙara jiƙo na biyu, kada ki ruga wajen sukari. Idan ya yi lami, 'yan ɗigon lemun tsami za su tashe shi, har launin zai ƙara haske a gabanki. Ɗan gishiri a bakin cokali yana kwantar da ɗaci da ɓauri.

Hattara: kurɓa ta farko ƙarya take yi, tsamin yana ba harshe tsoro. Ki yanke hukunci a ta biyu ko ta uku. Tsakanin kofi da kofi ki ci loma ɗaya ta burodi ki kurkure da ruwa.

5. Gwajin sukari

Ki jera kofuna huɗu, kowanne da mililita 200. Na farko ba sukari, na biyu cokalin shayi 2, na uku 3, na huɗu 5. Cokalin shayi shafaffe wajen giram 4 ne. Kofi na huɗu ya kai zaƙin lemon kwalba, tunda Coca-Cola tana da kusan giram 10.6 a kowace mililita 100, kuma nan ne yawancin sobolon da ake sayarwa a bakin titi yake, wani ma ya zarce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 na irin wannan sukari a yini. Kwalba ɗaya mai rabin lita ta cinye rabon yinin kenan.

Ki ɗanɗana daga marar sukari zuwa mai yawa, kada ki juya tsarin. Mafi yawan abincinmu tsakanin kofi na biyu da na uku suke samun abokinsu. Ki narkar da sukarin a ɗan ruwan zafi kafin ki zuba, don a ruwan sanyi kwanciya yake a ƙasa, ki yi ta ƙarawa kina cewa bai ji ba.

Hattara: sanyi yana danne zaƙi. Wanda kika daidaita da ƙanƙara a ciki, idan ya zauna a teburi ya huce zai zama ruwan alewa. Ita kuma citta ƙarfinta yana ƙaruwa idan ta kwana, don haka wanda za a sha gobe ki rage masa hannu yau.

6. Haɗa shi da abinci

Ƙa'idojin kaɗan ne. Tsami yana yanke maiƙo. Gishiri da nama suna tausasa tsami da ɓauri. Zaƙi yana kwantar da barkono, citta kuwa ƙara masa wuta take yi. Abinci mai zaƙi yana sa abin sha ya ƙara tsami a baki. Gwajin kuma a aikace ake yin sa: kurɓa, loma, kurɓa. Idan kurɓa ta biyu ta fi ta farko daɗi kuma kina son wata lomar, sun dace.

Nama gasasshe shi ne babban abokin sobolo. Cicinga, balangu, gasasshiyar zabuwa irin ta mutanen Bolga, soyayyen naman layya: duk waɗannan uwa mai ƙarfi suke so, sirki kaɗan, sukari na kofi na biyu, da ruwan prekese da kimba, domin ƙamshinsu na hayaƙi yana tafiya da na gawayi. Citta kaɗan ƙwarai, yajin ƙuli ya riga ya kawo tasa. A nan ne za ki gane amfanin ɓauri: kitsen ya lulluɓe baki, kurɓa ɗaya ta wanke shi, tsinke na gaba ya zama kamar na farko. Maigida da abokansa da suke cewa sobolo abin yara ne, wannan za ki miƙa musu. Kilishi ya ɗan bambanta, tunda yana da nasa zaƙin, sai ki matsa zuwa kofi na uku.

Waakye aiki ne babba, domin a ganye ɗaya akwai wake da shinkafa, taliya, gari, ganda, ƙwai, wagashi, miya, ga shito. Shiton ne yake mulki, shi za ki bi. Sukari na kofi na uku, ruwan abarba, sanyi sosai, citta babu ko ɗigo. Kuskuren da na fi gani a wajen suna shi ne a ba mutum waakye mai shito da sobolo mai cittar da take ƙona maƙogwaro. Ga hawaye ga majina, sai ya ture kofin ya nemi ruwan leda.

Tuwon shinkafa da miyar gyaɗa na ranar Lahadi, a ganina, ya fi kowane abinci dacewa da sobolo mai tsami. Miyar tana da nauyi da maiƙo, ba ta da tsamin kanta. Ki ƙara kason zoɓo mai haske, ki rage sukari, citta matsakaiciya.

Jalof tana da tsamin tumatir, don haka mai laushi take so, mai abarba da ɗan kanumfari. Dokunu da banku sun riga sun yi tsami tun daga ƙullu, ga ɗanyen barkono a gefe. Idan dole ne, ki sirka sosai ki ƙara zaƙi. Kelewele, wato soyayyar ayaba mai yaji, yana da citta da zaƙinsa, sai a ba shi marar citta mai ganyen na'a-na'a.

Tuwo da miyar ayoyo ko kuka fa? Gaskiya ruwa ya fi. Yauƙi da daddawa ba sa shiri da tsamin zoɓo, yakan bar wani ƙarni a baki. A ci tuwo a wanke hannu, bayan ɗan lokaci a kawo sobolo.

Na buɗa baki: ƙosai, masa, pinkaso, duk soyayyu ne, suna son tsami mai sauƙi. Ki yi amfani da jiƙo na biyu, ki sa sukari kaɗan tunda ga dabino. Wanda bai taɓa cin dabino yana kurɓar sobolo marar sukari ba, ya gwada ko sau ɗaya.

Hattara: kada a fara buɗa baki da shi a kan cikin da ya wuni ba komai, musamman mai gyambon ciki, ruwa da dabino da koko tukuna. Kada ki jera shi da fura da nono ko burkina, tsaminsa yana tsinka madara. Da kek ko alkaki a wajen biki kuwa zai yi tsami kamar ba a sa masa komai ba, gara a kawo shi da ɗumi a ƙananan kofuna kamar shayi. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, saboda haka mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su tambayi likita kafin su mayar da shi abin kullum, kuma kada a haɗiyi ƙwayar magani da shi.

7. Lissafin biki

Kilo 1 da lita 15, bayan tuka ta sha nata kuma an sirka da jiƙo na biyu, yana ba da wajen lita 20. Kofi mai mililita 250 guda 80 kenan. A ma'aunin kofi na uku, sukari giram 60 ne a lita, wato kilo 1 da giram 200 gaba ɗaya. Ki lissafa kofi biyu ga kowane baƙo idan rana ce.

Farashi a kasuwa yana motsi daga Laraba zuwa Laraba, don haka ki rubuta abin da kika kashe ranar a kan abu shida: zoɓo, sukari, kayan ƙamshi da abarba, ruwa, gas ko gawayi, kwalabe da ƙanƙara. Ki raba jimillar da yawan lita. Za ki tarar zoɓon kansa ba shi ne mai cin kuɗi ba, kwalabe da ƙanƙara da sukari ne. Idan a gida za a sha, jug ɗin gilashi a kowane teburi ya fi kwalaben roba araha da kyan gani. Mai niyyar sawa a kwalba da tambari ta kai shaguna kuwa, sai ta bi ta Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana ta yi rajista.

8. Kaiwa teburi da ajiya

Ki fitar da shi daga firji minti 10 kafin a zuba, ƙamshin ya farka. Kada ki jefa ƙanƙarar ruwa a jug, narkewa za ta yi ta kashe duk abin da kika daidaita. Ki daskarar da jiƙo na biyu ya zama ƙanƙararki, ko ki binne kwalaben a kula mai ƙanƙara. Wanda aka daskarar gaba ɗaya a bar shi ya narke duka a girgiza, don abin da yake fara narkewa shi ne mai yawan sukari, na ƙarshe kuma ruwa. Idan iri biyu kika yi, ki ɗaura zare a wuyan jug ɗin mai citta, masu rabo su san na waakye da na nama.

Idan ya zube a farar shadda ko leshi, ruwan sanyi mai yawa nan take. Kada a fara goga sabulu, tabon zai koma shuɗi ya zauna.

Uwa marar sukari tana kwana biyar a firji lafiya, a firiza kuma ta yi watanni. Da zarar sukari da abarba sun shiga, kwana biyu zuwa uku ne a firji, kuma idan dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya kwana muku, ki ɗauka kwana ɗaya ne. Kafin ki ba kowa wanda ya kwana, ki duba: kwalbar roba ta kumbura ta yi tauri? Ta yi tsit da aka buɗe? Akwai ƙananan kumfa suna tasowa, ko yana cizon harshe kamar lemon gas, ko warinsa ya koma na ƙullun da ya kwana? Ya fara juyawa zuwa giya kenan. Ko jiƙon zabibi da ake yi wa Manzon Allah (SAW) ba ya wuce yammacin kwana na uku, balle namu mai abarba a zafin Akra. A zubar da shi, a wanke kwalbar da ruwan zafi kafin a sake zuba wani, domin abin da ya juya na farko yana nan manne a jikinta.